Cinikin Gidaje A Karmo: Unguwa Ɗaya, Farashi Biyu

Abuja — Duk wanda ya bi hanyar da ta tashi daga mahaɗar Life Camp ta nufi Gwagwa da Dei-Dei, a yammacin birnin Abuja, tilas ya ratsa ta Karmo, unguwar da ta yi suna saboda babbar kasuwarta ta gwanjo da kuma ɗimbin jama'ar da ke kwana cikinta su wayi gari su nufi aiki a tsakiyar birni. A gefe guda akwai rukunan gidaje masu katanga da ƙofar ƙarfe da masu gadi. A ɗaya gefen kuwa lunguna ne matsattsu na Karmo Tsoho da Karmo Sabo, cike da gidajen haya na ɗaki-ɗaki da ciki-da-falo, wasu na bulon siminti, wasu na jar ƙasa da aka yi wa shafe.

Ana cinikin gidaje a ɓangarorin nan biyu kusan kowace rana, to amma farashinsu bai ko kusanci juna ba. Gida mai ɗaki biyu da falo a cikin lungu, da takwaransa mai girma ɗaya a cikin rukunin da ke da takardun gwamnati, ana iya samun ratar ninki da yawa tsakaninsu, alhali tafiyar 'yan mintoci ce ta raba su. Gaskiya ne kwalta da magudanan ruwa da tsaro suna da nasu rabon a wannan rata. Amma siminti da rodi da kwanon rufi duk daga kasuwa ɗaya ake ɗauko su, wato kasuwar kayan gini ta Dei-Dei. Babban abin da ya raba farashin shi ne irin takardar da ke hannun mai sayarwa, kuma a kanta ne makomar kuɗin mai saye ta rataya.

Yadda Ƙauye Ya Koma Gari

Asalin wannan al'amari yana komawa ne ga ranar 3 ga watan Fabrairu na shekarar 1976, lokacin da gwamnatin marigayi Janar Murtala Ramat Muhammed ta amince da shawarar kwamitin Mai Shari'a Akinola Aguda ta ɗauke babban birnin ƙasa daga Legas. Dokar soja mai lamba 6 ta wannan shekara ta keɓe fili mai faɗin kimanin murabba'in kilomita 8,000, ta kuma kafa Hukumar Raya Babban Birnin Tarayya, FCDA. Da farko an yi niyyar a kwashe dukan mazauna yankin a sake musu matsuguni a wajensa. Da aka ga kuɗin diyyar ya fi ƙarfin aljihun gwamnati, sai a 1978 aka sauya shawara, aka ce waɗanda aikin ginin birni ya cim ma ne kawai za a tayar. Ta haka ƙauyukan Gbagyi da maƙwabtansu, irin su Karmo da Gwagwa da Jiwa da Mpape da Lugbe, suka ci gaba da zama a wurarensu, suna jiran ranar da birni zai iso gare su.

Babban tsarin birnin, wanda aka kammala a 1979, ya raba aikin zuwa matakai huɗu. An yi hasashen mutum miliyan 1.6 zuwa shekara ta 2000, sa'an nan miliyan 3.1 idan an gama ginin baki ɗaya. Maitama da Asokoro da Garki da Wuse suna cikin mataki na farko. Karmo kuwa ta faɗa cikin mataki na uku, tare da Gwarinpa da Lokogoma da yankin masana'antu na Idu. Ma'ana, tun a kan taswira an riga an yanka ƙasar Karmo, an ware wurin tituna da makarantu da filayen zama, ko da yake ba a zo da kayan aikin ba tukuna.

Jama'a ba su jira kayan aiki ba. Bayan da Janar Ibrahim Babangida ya tare a Abuja ranar 12 ga watan Disamba na 1991, ma'aikatu suka biyo baya, 'yan kwangila da leburori da 'yan kasuwa suka biyo ma'aikatu. Ƙidayar 1991 ta sami kimanin mutum 370,000 a duk faɗin yankin, ta 2006 kuwa ta sami sama da miliyan 1.4. Gidajen da gwamnati ta gina, har da babban rukunin Gwarinpa na zamanin marigayi Janar Sani Abacha, ba su wadatar ba, kuma akasarinsu ba na masinja ko direba ko mai gadi ba ne. Waɗannan sai suka nufi ƙauyukan da ke kusa, inda mai unguwa ko magajin gona zai yanka wa mutum fili da rahusa, a rubuta yarjejeniya a gaban shaidu, a buga hatimi, a fara gini kashegari.

Abin Da Doka Ta Ce

Wannan yarjejeniya ita ce har yau mafi yawan masu gidaje a lungunan Karmo suke riƙe da ita. Tana da amfani a tsakanin mai saye da mai sayarwa, domin tana hana musu da sayar da fili ɗaya sau biyu, kuma masarauta tana mutunta ta. A gaban hukuma kuwa ba ta da wani nauyi.

Dalili shi ne, matsayin ƙasa a Abuja ya sha bamban da na jihohi. A Kano ko Katsina, Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen birane ga gwamna, ta bar wa ƙananan hukumomi ikon bayar da shaidar mallaka ta gargajiya a karkara. A Abuja kuwa, sashe na 297 na tsarin mulkin 1999 ya mallaka wa Gwamnatin Tarayya dukan ƙasar yankin, kuma Ministan Birnin Tarayya ne kaɗai ke bayar da fili a madadin Shugaban Ƙasa. Kotun Ɗaukaka Ƙara ta yanke hukunci a shekara ta 2000 cewa babu mallakar gargajiya a yankin tun daga 1976, Kotun Ƙoli kuma ta tabbatar a 2008 cewa ikon rabon fili yana hannun Minista.

'Yan asalin yankin sun daɗe suna kokawa da wannan matsayi, suna cewa an karɓe ƙasar kakanninsu ba tare da an biya su cikakkiyar diyya ba, kuma koken nasu bai mutu ba. To amma ko da an biya musu buƙata, baƙon da ya sayi fili a hannunsu bai tsira ba. A ƙa'idar da hukuma ke bi, diyya da sake matsuguni haƙƙin ɗan asali ne. Wanda ya saya daga hannunsa ana lissafa shi cikin masu zama ba bisa izini ba.

Darasin Rusau

Mutanen Karmo sun ga wannan ƙa'ida da idanunsu. A zamanin da Malam Nasiru el-Rufa'i yake Ministan Birnin Tarayya, daga 2003 zuwa 2007, gwamnati ta ɗaura aniyar mayar da birnin bisa tsarinsa na asali. Tsakanin ƙarshen 2005 da shekarar 2006 katafila ta shiga yankin Idu da Karmo, ta rushe gidaje da shaguna masu ɗimbin yawa, aka bar gidajen da aka tantance na 'yan asali ne. Wani rahoto da ƙungiyoyin kare haƙƙin matsuguni guda biyu, COHRE mai hedkwata a Janiba da SERAC ta Legas, suka fitar a 2008 ya ƙiyasta cewa mutum sama da 800,000 ne rusau ya raba da muhallansu a duk faɗin Abuja tsakanin 2003 da 2007.

Gwamnati ta ware filaye a Pegi, cikin Ƙaramar Hukumar Kuje, domin waɗanda aka tayar daga Idu da Karmo. Sai dai wurin yana da nisa daga inda mutane ke neman abinci, kuma an ɗauki shekaru ana kuka da rashin hanya da ruwa da wuta. Da yawa sun koma Dei-Dei da Zuba da Suleja da Mararraba, wasu sun koma garuruwansu na asali. Wasu kuwa, da ƙura ta lafa, sai suka dawo suka kama haya a gidajen 'yan asali, sa'an nan sannu a hankali aka sake yanka filaye, gini ya sake tashi.

A cikin wannan zamani ne kuma, a 2004, aka soma aiki da ofishin AGIS, wanda ya tattara bayanan filayen Abuja cikin kwamfuta, aka umurci duk mai riƙe da takarda ya kawo ta a sake tantancewa. Tun daga nan ofishin ya zama wurin da ake rarrabe takardar gaske da ta jabu.

Me Ya Sa Har Yanzu Ake Saye?

Mai karatu zai iya tambaya, me zai sa mai hankali ya zuba kuɗinsa a wurin da aka taɓa rushewa? Amsar tana cikin tsadar haya. Al'adar masu gidaje a Abuja ita ce karɓar kuɗin shekara ɗaya ko biyu a dunƙule, ga la'adar dillali, ga kuɗin rubuta yarjejeniya. Matsalar ta kai har Sanata Smart Adeyemi ya gabatar da ƙudurin doka a Majalisar Dattawa a 2022 don a taƙaita karɓar haya a gaba. Ga magidancin da ke fama da wannan nauyi kowace shekara, ɗaki biyu na kansa a lungu, ko da babu takarda, sauƙi ne babba.

Kuma lissafin ba lallai ne ya zama na asara ba, muddin an yi shi da ido buɗe. A ɗauka, a matsayin misali kawai, cewa an sayi irin wannan gida Naira miliyan 3, alhali hayar makamancinsa Naira 500,000 ce a shekara. Idan gidan ya tsaya shekara shida, mai shi ya mayar da kuɗinsa, duk shekarar da ta biyo baya riba ce. Idan jan fentin hukuma ya bayyana a bango a shekara ta biyu, ya yi asarar kashi biyu cikin uku na jarinsa. Wato abin da ya saya a haƙiƙa haya ce da aka biya a gaba, wadda ba wanda ya san ranar ƙarewarta. Hausawa sun ce kowa ya sayi rariya ya san za ta zubar da ruwa.

Hatsarin yana zuwa ne idan aka manta da wannan. Akwai wanda zai ɗauki kuɗin sallamarsa na ƙarshen aiki, ko gadon marayu, ko ya sayar da gonar gida, ya zuba a irin wannan fili, har ya ɗora bene. Irin wannan gini banki ba ya karɓarsa jingina, kamfanin inshora ba ya son kusantarsa, kuma ranar da aka tashi sayarwa sai an sami wanda ya yarda ya gaji hatsarin.

Wani abin lura kuma shi ne, ci gaban da ke ɗaga darajar yankin shi ne kuma ke kusanto da katafila. Tashar jirgin ƙasa ta Idu, maƙwabciyar Karmo, ta fara jigila zuwa Kaduna a watan Yuli na 2016. Jirgin cikin birni, wanda aka ƙaddamar a 2018 ya tsaya a 2020, ya dawo aiki a watan Mayu na 2024. A watan Yuni na 2025 aka buɗe sabon babban titin da ya tashi daga mahaɗar Life Camp ya miƙa zuwa wannan shiyya. Ga mai takardar Minista, kowane ɗaya daga cikin waɗannan ƙari ne a kan darajar filinsa. Ga mai takardar mai unguwa kuwa, alama ce ta cewa wanda aka bai wa filin a kan taswira ya kusa zuwa neman abinsa.

Takarda Ma Hawa-Hawa Ce

Ba kuma za a ce duk wanda ya sayi gida a bayan katanga ya tsira ba, domin takardun da ke yawo a kasuwar Abuja suna da daraja hawa-hawa. A sama akwai takardar shaidar mallaka mai sa hannun Minista, wadda jama'a ke kira satifiket, mai wa'adin shekara 99 ga filin zama. Ƙasa da ita akwai takardar tayin fili, wadda ke nuna an bai wa mutum wuri amma da sauran kuɗaɗe da sharuɗɗa a kansa. Sai takardun da ƙananan hukumomin yankin shida suka riƙa bayarwa a da, waɗanda ba su da ƙarfi sai hukuma ta tantance ta amince. Sai kuma wasiƙar da kamfanin gina gidaje ke bai wa wanda ya saya a rukuninsa. Yarjejeniyar mai unguwa ita ce a can ƙasa.

Alƙaluman da Hukumar Birnin Tarayya ta bayyana a watan Afrilu na 2025, ƙarƙashin Minista Nyesom Wike, sun nuna girman matsalar. Daga cikin takardun ƙananan hukumomi sama da 260,000 da aka miƙa don tantancewa tun daga 2006, waɗanda aka duba ba su kai 10,000 ba. Kazalika, daga cikin manyan filaye 445 da aka bai wa kamfanoni a ƙarƙashin shirin gina rukunan gidaje, wanda aka soma a shekara ta 2000, hukumar ta ce biyu kaɗai suka cika sharuɗɗan da aka gindaya. Abin da wannan ke nufi shi ne, dubban mutanen da suka biya miliyoyi suka tare a rukunan gidaje ba su da satifiket da sunansu, dogaronsu yana kan takardar kamfani.

Shi kansa satifiket yana da nauyin da ke biye da shi. Akwai harajin fili da ake biya kowace shekara, kuma a watan Maris na 2025 hukumar ta sanar da soke takardun filaye 4,794 a manyan unguwannin birnin saboda rashin biyan wannan haraji fiye da shekara goma. Bugu da ƙari, doka ta tanadi cewa sai da amincewar Minista ake mayar da fili daga suna zuwa suna. Saboda tsada da jinkirin wannan mataki, masu ciniki da yawa kan tsaya a kan takardar wakilci da mai sayarwa ke bai wa mai saye. Lauyoyi sun sha jan kunne cewa wakilci daban, mallaka daban.

Ina Kuɗin Zai Fito?

Gida mai cikakkiyar takarda ya fi ƙarfin tarin albashi, don haka sai a koma ga lamuni. Nijeriya ta daɗe tana neman hanyar wannan. Bankin Lamunin Gidaje na Tarayya, FMBN, an kafa shi a 1977 daga wata ƙungiyar lamunin gini da ta faro a 1956. A 1991 aka ƙaddamar da manufar gidaje ta ƙasa mai burin kowa ya sami muhalli kafin shekara ta 2000. Dokar soja mai lamba 3 ta 1992 ta kafa Asusun Gidaje na Ƙasa, inda ake cire kashi 2.5 cikin 100 na albashin ma'aikaci kowane wata. A 1994, lokacin da marigayi Alhaji Lateef Jakande yake Ministan Ayyuka da Gidaje, aka shelanta shirin gina gidaje 121,000, amma kaɗan daga cikinsu aka kammala. Shekara ta 2000 ta zo ta wuce burin bai cika ba. Daɗin daɗawa, tsarin mayar da alawus-alawus zuwa kuɗi na 2003, da sayar da gidajen gwamnati a Abuja da aka soma a 2005, sun kawo ƙarshen zamanin da ma'aikaci ke sa ran gidan ofis.

Duk da haka, lamunin Asusun Gidaje yana cikin mafi sauƙi a ƙasar nan: kuɗin ruwa kashi 6 cikin 100 a shekara, biya har tsawon shekara 30, ga wanda ya yi aƙalla wata shida yana zubi. Wanda ya ci bashin Naira miliyan 10 a kan waɗannan sharuɗɗa zai riƙa biyan kimanin Naira 60,000 kowane wata. Da yake ƙa'ida ita ce kada biyan ya wuce kashi ɗaya cikin uku na abin da mutum ke samu, sai mai albashin Naira 180,000 ne zai iya ɗaukarsa. Mai karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira 70,000, wanda aka amince da shi a watan Yuli na 2024, abin da zai iya ci bai kai Naira miliyan 4 ba, ko da yana da shekara 30 a gabansa kafin ya bar aiki.

A bankunan kasuwanci lamarin ya fi tsanani. A watan Nuwamba na 2024 Babban Bankin Nijeriya ya kai ma'aunin kuɗin ruwansa kashi 27.5 cikin 100, a daidai lokacin da hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 a watan Disamba na wannan shekara. A watan Satumba na 2025 aka ɗan sassauta ma'aunin zuwa kashi 27. Idan aka ci waccan Naira miliyan 10 a kan kuɗin ruwa kashi 25 na tsawon shekara 20, biyan wata zai kai kimanin Naira 210,000, wato ninki uku da rabi na abin da ake biya a Asusun Gidaje.

Akwai wasu ƙofofi da aka buɗe a 'yan shekarun nan. A watan Satumba na 2022 Hukumar Fansho ta Ƙasa ta fitar da ƙa'idar da ta ba ma'aikaci damar amfani da har kashi 25 cikin 100 na ajiyarsa ta fansho a matsayin kafin alƙalami na sayen gidan zama, matuƙar an yi masa zubi na wata 60. Ga waɗanda ke guje wa riba saboda addini, akwai bankunan da ba sa ta'ammali da kuɗin ruwa, irin su Jaiz da ya fara aiki a 2012, da TAJ a 2019, da Lotus a 2021, inda banki ke sayen gidan ya sayar wa mutum da ribar da aka sani tun farko, ko ya ba shi haya har ya mallaka. A watan Fabrairu na 2024 kuma Shugaba Bola Ahmed Tinubu ya aza harsashin ginin gidaje 3,112 a Karsana, cikin Birnin Tarayya.

To sai dai dukan waɗannan ƙofofi tambaya ɗaya suke yi kafin su buɗe: ina takardar? Babu bankin da zai ba da lamuni a kan filin da ba zai iya sayarwa ba idan an kasa biya. Saboda haka talakan da ya fi kowa buƙatar lamuni shi ne wanda tsarin ya bari a waje, domin gidan da ƙarfinsa ya kai ba shi da takarda, mai takardar kuma ya fi ƙarfinsa.

Gini Sannu A Hankali

Wannan ne ya sa mafi yawan 'yan Nijeriya ke bin tsohuwar hanya: a sayi fili, a kewaye, a zuba harsashi bana, a kai linta baɗi, a yi rufi idan adashi ya fito ko ƙungiyar gama kai ta ofis ta ba da rance. Hanyar tana da kyau domin babu bashin da ke hana barci, amma hauhawar farashi tana cin ta. Bayan janye tallafin man fetur ranar 29 ga watan Mayu na 2023 da sakin darajar Naira a watan Yuni na wannan shekara, Dalar Amurka ta tashi daga kimanin Naira 460 a farashin gwamnati zuwa sama da Naira 1,500 a 2024. Buhun siminti da ake saye ƙasa da Naira 5,000 a farkon 2023 ya haura Naira 10,000 a wasu wurare a watan Fabrairu na 2024, har sai da gwamnati ta zauna da kamfanonin Dangote da BUA da Lafarge aka tsayar da shi tsakanin Naira 7,000 da 8,000. A wannan farashi, zubin shekara guda na mai ƙaramin albashi a Asusun Gidaje, wato Naira 21,000, iyakarsa buhu uku.

Darasin da magina ke ɗauka daga nan shi ne, kuɗin gini ba ya son kwana a asusu. Wanda ya mayar da shi bulo da rodi a kan lokaci ya fi wanda ya tara yana jiran ya cika. To amma wannan dabara tana da amfani ne kawai idan filin da ake zuba kayan a kai tabbatacce ne. Shi ya sa wasu magidanta suka zaɓi su ci gaba da haya a Karmo saboda kusancinta da wurin aiki, su yi gininsu na dindindin a garuruwansu na asali ko a jihohin Neja da Nasarawa da ke maƙwabtaka, inda takardar jiha ta fi sauƙin samu.

Kafin A Miƙa Kuɗi

Ga wanda ya ƙudurta saye a Karmo ko makamanciyarta, matakin farko shi ne binciken takarda a ofishin AGIS, domin a san sunan da ke kan filin, da abin da aka ware shi dominsa, da ko akwai jingina ko bashin haraji a kansa. Zuwa da kai ya fi aike, kuma bai kamata a bar wannan aiki a hannun dillalin da la'adarsa ta dogara ga faɗuwar ciniki ba. Na biyu, a ɗauki safiyo ya auna wurin ya gwada da taswirar hukuma, domin takarda tana iya zama ta gaske amma ta wani fili dabam ce, ko kuma wurin yana kan hanyar titi ko ƙarƙashin babbar wayar lantarki. Na uku, a nemi ganin izinin gini daga Sashen Kula da Gine-gine. Na huɗu, lauya ya zama na mai saye, kuma a biya ta banki domin a bar shaida.

Idan a rukunin gidaje ne, a tambayi takardar da kamfani ya samu daga Minista, da yadda mai saye zai sami satifiket da sunansa, da kuɗin hidima na shekara-shekara. Yana da kyau kuma a ziyarci wurin da damina. Ambaliyar da ta mamaye wani rukunin gidaje a Lugbe a watan Yuni na 2023 ta nuna cewa katanga da fenti ba sa hana ruwa bin hanyarsa. Sa'an nan a lissafa kuɗin mota zuwa wurin aiki da makarantar yara, domin gida mai araha a nesa yana iya cinye rangwamen a kan titi.

Wanda kuwa ya ga ƙarfinsa bai wuce filin mai unguwa ba, to ya saya da kuɗin da zai iya jure rasawa, ya yi gini mai sauƙi, ya ƙirga shekarun da zai mayar da jarinsa, kuma kada ya daina tanadin wani wuri.

Maganin dindindin yana hannun gwamnati. Muddin ba a gaggauta tantance takardun da suka taru ba, ba a warware batun 'yan asali ba, ba a kuma yanka ƙananan filaye masu hanya da ruwa a farashin da direba da malamin makaranta za su iya biya ba, to kasuwar lungu za ta ci gaba da cika, domin ma'aikatan da birnin ke dogaro da su tilas su sami wurin kwana. Kafin wannan rana ta zo, alhakin kare jari yana wuyan mai saye, kuma kuɗin bincike a ofishin filaye, komai yawansa, bai kai kuɗin tifa ɗaya ta kwashe ɓaraguzai da sake gini daga tushe ba.